Kaluluwa ta fito wa ɗan karena bayan an cire masa haƙori, don Allah masu sani ku taimaka

Baban Sadiƙ (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum 'yan uwa makiyaya. Ina neman shawara don Allah, musamman in Dokta yana kusa. Ina da ɗan kare wata bakwai da na ajiye a gonar kajina ta hanyar Kalgo saboda ɓarayi da kuma tunku da ya dame mu. To da ya yi famfara sai fiƙarsa ɗaya ta ƙasa gefen hagu ta ƙi faɗuwa, sabuwa ta fito kusa da ita suka jeru biyu, abinci yana maƙalewa a tsakani bakin yana wari, daga baya ma tsohuwar ta tsage. Ranar Talata na kai shi wajen likitan dabbobi aka yi masa allurar barci aka cire aka ɗinke wurin. Yau Asabar da safe ina shafa wuyansa sai na ji ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙi daidai gefen da aka yi aikin, ya kai girman ƙaramin goro, in na taɓa yana motsi a ƙarƙashin fata shi kuma karen sai ya janye kai. Yana ci amma ba kamar da ba. Na kira wanda ya yi aikin wayarsa a kashe, yaron shagon ya ce ya yi tafiya sai Litinin. Abin nan na damuwa ne ko in bar shi?

Ɗan Kabi: Tirƙashi. Yau kuma kare ne ake kaiwa cirar haƙori har da ɗinki? Baban Sadiƙ ni nan turmina ya shekara yana ciwo kanumfari nake dannawa, kai ka kai kare an yi masa allurar barci. Duniya ta ci gaba wallahi

Maman Ikram (Gusau): Wa alaikumus salam. Ɗan Kabi ka bari mana, mutum ya zo da damuwarsa. Yaya Baban Sadiƙ wannan kamar kaluluwa ce fa, irin wadda take fito wa yara a wuya in haƙori na ciwo ko in kunne ya yi ruwa. Amma dai a jira Dokta.

Baba Maharbi (Anka): Yaro kwantar da hankalinka. Mu da munka tashi cikin karnukan farauta tun dauri mun san wanga abu. In kare ya yi faɗa da gyado ko dila ta cije shi ga baki haka wurin ka kumbura. Ka samu kibiya ko ƙarfe mai tsini ka sa wuta sai ya yi ja, ka yi mishi sakiya wuri guda, mugunya ta hita, ka shafa man shanu da kanwa. Kwana ukku ka gan shi shina gudu. Ba mu taɓa kai kare asibiti ba aradu

Abu Mai Kemis (Jega): Ko kuma ka ba shi diklofenak rabi safe da yamma da amoksisilin guda, kumburi ne kawai zai sace. Mutane da yawa suna saye wajena su ba dabbobinsu

Ɗalibin Likitan Dabbobi (Sakkwato): Baban Sadiƙ don girman Allah kada ka ba shi diklofenak, kada ka ba shi ibufurofen. Yaya Abu ka yi haƙuri amma wannan shawarar tana iya kashe karen. Cikin kare ba ya ɗaukar waɗannan magungunan yadda na mutum ke ɗauka, suna huda masa ciki ya fara kashi baƙi ko aman jini kuma suna taɓa ƙoda. Balle ma kusan tabbas wanda ya yi aikin ya riga ya ba shi maganin ciwo na dabbobi, in ka haɗa biyu ai ka ninka matsalar. Farasitamol ma ba a ba kare haka kawai sai likita ya auna nauyinsa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Abu Mai Kemis (Jega): To ni dai ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce karensa ya mutu ba

Hajiya Mai Kaji (Yawuri): Abu ai wanda karensa ya mutu ba kemis zai koma ya ba da rahoto ba, jefarwa zai yi a bola ya samo wani kwikwiyo 😂

Baban Sadiƙ (Birnin Kebbi): E an ba ni magani kala biyu, ɗaya na ciwo ɗaya antibayotik, ina murƙushewa a cikin abinci. Ban ƙara komai a kai ba. Baba na gode amma gaskiya sakiyar nan tsoro take ba ni, wurin kusa da maƙogwaro ne.

Nura Intanet: Ni fa na duba yanzu a Google, an ce kumburin kaluluwa a wuyan kare alamar kansa ce wato ciwon daji, wai ita ce alamar farko kuma wai in ba a yi magani ba wata ɗaya zuwa biyu kare yake yi. Allah ya sa ba ita ba ce amma ka shirya

Maman Ikram (Gusau): Kai Nura! Haka ake yi wa mutum jaje?

Dokta (Gusau): Assalamu alaikum, ku yi haƙuri ina can wajen wata saniya da haihuwa ta zo mata da gardama, yanzu na ga saƙonnin. Baban Sadiƙ kafin in ce komai ka amsa mini waɗannan. Ɗaya gefen muƙamuƙin fa, akwai irin ƙullutun? Ka shafa gaban kafaɗunsa duka biyu wajen gindin wuya, ka shafa bayan gwiwoyinsa na ƙafafun baya, ka gaya mini ko ka ji wani abu ya tasa. Ka ɗaga leɓensa a hankali ka duba wurin ɗinkin, ja ne sosai, akwai mugunya, yana wari? Dasashin nasa launin ja-ja ne mai kyau ko ya yi fari? Yana shan ruwa? Numfashi lafiya? Sannan yana da kaska a jiki? Kuma an yi masa allurar haukan kare?

Baban Sadiƙ (Birnin Kebbi): Ranka ya daɗe Dokta sannu da aiki. Na je na duba yanzu. Gefen dama akwai ɗan ƙarami kamar wake amma ba ya jin zafinsa. Kafaɗa ban ji komai ba, bayan gwiwa ma ɗan ƙanƙani ne duka biyun daidai suke. Wurin ɗinkin ya yi ja kuma kamar zare ɗaya ya kwance, akwai wani abu fari-fari a ramin ban sani ba ko tuwo ne ko mugunya, wari kam akwai kaɗan. Dasashi ja ne. Ruwa yana sha sosai, numfashi lafiya lau har ya yi wa mai babur haushi ina tsaye. Kaska akwai a kunnuwa gaskiya, damina ce. Allurar hauka an yi masa yana wata uku, katin yana wajena.

Dokta (Gusau): Madalla, wannan bayanin ya taimaka. Abin da Maman Ikram ta faɗa tun farko shi ne mafi kusa da gaskiya. Kare yana da kaluluwa a wurare sanannu kamar yadda mutum yake da su, kuma ko yana lafiya ƙalau ana iya jin na ƙarƙashin muƙamuƙi da na gaban kafaɗa da na bayan gwiwa in mutum ya iya lalube, wato wannan na gefen dama da ka ji kamar wake daman can yana nan, yau ne dai ka neme shi. Aikinsu tace ruwan da yake dawowa daga sassan jiki, ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki sojojin jini su taru su yaƙe su, taruwar nan ce take sa wurin ya kumbura ya yi zafi. Na ƙarƙashin muƙamuƙi su ne suke karɓar abin da ya fito daga baki da leɓe da dasashi. To an tsaga dasashi an zaro haƙori mai tsagewa wanda daman abinci yake ruɓewa a gindinsa, ga baki kuma cike yake da ƙwayoyin cuta ko na lafiyayyen kare, in kaluluwar gefen nan ba ta motsa ba ma ai sai a yi mamaki. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe yatsa ya yi ruwa ya ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi ya san abin, ciwon yana yatsa kumburin yana can sama, kuma ba wanda yake zuwa a yi wa matsematsin magani, yatsan ake wankewa.

Shi ya sa ni hankalina ba a kan ƙullutun yake ba, yana kan ramin haƙorin. Zaren da ya kwance da farin abin da ka gani da warin, su nake so a duba. Ko abinci ne ya cushe ramin, ko wurin ya ɗan kamu, ko kuma wani guntun saiwa ya karye ya rage a ciki. Fiƙar kwikwiyo siririya ce kuma saiwarta doguwa ce ƙwarai, abin da ke cikin ƙashi ya fi wanda kake gani a waje, tana karyewa ko a hannun gwani, don haka ba ina zargin abokin aikina ba ne. Shi ya san yadda haƙorin ya fito, cikakke ko a gutsure, shi ya sa ya fi kowa dacewa ya sake gani.

Baba Maharbi (Anka): To Likita ai magana guda muka yi, mugunya ta a ciki, a hudda ta a huta

Dokta (Gusau): Baba Allah ya ƙara girma, ba magana ɗaya ba ce. Abin da kuke yi wa sakiya a daji maruru ne, wato wurin cizo ya rufe mugunya ta taru a ƙarƙashin fata, in ka danna yana lotsawa kamar da ruwa a ciki. Wannan kam ko mu buɗe shi muke yi mu wanke, a nan kuna da gaskiya, sai dai mu da wuƙa mai tsabta da maganin kashe zafi. Amma kaluluwa tsoka ce mai rai, ba jakar mugunya ba ce, in ka soka mata ƙarfe ba abin da zai fito sai jini, ka ƙona abin da yake yi wa karen yaƙi kuma ka buɗe sabon ciwo ƙuda ya samu wurin zama. Ga shi a daidai wurin nan akwai manyan jijiyoyin jini da suke haɗuwa su gangara wuya, kuma jikin kaluluwar akwai wata tsoka mai yin yawu, mutane da yawa ma ita suke taɓawa su ɗauka kumburi ne. In aka huda hanyar yawun nan sai yawu ya riƙa taruwa a ƙarƙashin fata ya zama wata jinyar da sai an yi tiyata.

Baba Maharbi (Anka): Hmm. Mu dai munka yi kuma sunka tashi. Amma gaskiya akwai wata karya da niy yi ma ga wuya jini yaƙ ƙi tsayawa sai da munka danna toka. Ta rayu dai

Bafulatanin Bunza: Dokta wannan na gaban kafaɗa da kake faɗa mu ma muna dubawa a shanu. In saniya tana ramewa gashi ya tashi ido yana hawaye ka taɓa gaban kafaɗa ka ji ya kumbura to mun san sammore ne, musamman in an dawo daga kudu inda tsando yake. Shin kare ma yana yin sammore?

Dokta (Gusau): Yana yi ƙwarai, kuma a kare ya fi saurin kisa. Tsando na sa masa, ko kuma ya ci ɗanyen naman dabbar da take da shi in akwai rauni a bakinsa. Alamarsa zazzaɓi, kaluluwa ko'ina, fuska ta kumbura, ido ya yi fari kamar an shafa hazo. Abin da ya sa na ce Baban Sadiƙ ya lalubi kafaɗa da bayan gwiwa ke nan. Ƙa'idar a taƙaice ita ce in wuri ɗaya ne ya kumbura kuma ga ciwo kusa da shi, to ka nemi dalili a nan kusa. In kuwa duka sun tashi hagu da dama gaba da baya, to abin a jini yake ko a jiki gaba ɗaya, a nan ne muke tunanin cutar kaska ko sammore ko kuma abin da Nura ya karanto.

Nura Intanet: Kun ji ko, ashe dai ban yi ƙarya ba

Ɗalibin Likitan Dabbobi (Sakkwato): Ba ka yi ƙarya ba amma ka ɗauko rabin shafi ka bar rabi. Kansar kaluluwa tana nan a karnuka, sai dai yawanci karnukan da suka manyanta take kamawa, shekara shida zuwa sama, kuma yadda take zuwa shi ne ƙulluttai su fito wurare da yawa lokaci guda, masu tauri, manya, kuma ba sa zafi in an taɓa. Wannan wata bakwai ne, gefe ɗaya, yana jin zafi, kwana kaɗan bayan an yi aiki a daidai wurin. Ba a ce ba ta taɓa kama ƙaramin kare ba amma in ka jero abubuwan da za su iya zama ita ce a can ƙarshen layi. Akwai ma wata cuta ta 'yan kwikwiyo da aka koya mana wadda fuska da leɓe da fatar ido suke kumbura da ƙuraje, kaluluwar wuya ta yi manya har ta fashe, amma ita tana zuwa ne tun daga sati uku zuwa wata huɗu galibi, kuma fuska take fara ci. Tunda fuskar wannan lafiya take ba na jin ita ce.

Isiya Mai Duba Nama (Argungu): Ni abin da zan ƙara, mu a mayanka kaluluwa ce littafinmu. In an yanka sa sai mun tsaga na kai da na huhu mun duba, in muka ga ciki ya yi wani abu rawaya-rawaya mai ɓarɓashi kamar cuku to tarin fuka muke zargi, mahauta su yi ta faɗa da mu. Kuma ko a nan haka abin yake, in ƙafa ce ta ruɓe na wannan ƙafar kaɗai za ka gani ya kumbura sauran lafiya lau.

Ɗan Kabi: Ni dai har yanzu tambayata tana nan. Kuɗin da aka kashe a bakin karen nan da wanda za a ƙara kashewa ai ya sayi kwikwiyo biyar. Ga marayu ga 'yan gudun hijira cike da gari. Kuma kare fa najasa ne, mutum yana tura hannu a bakinsa

Malam na Ƙaura: Ɗan Kabi a yi hattara da fatawa. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma a Suratul Ma'ida aya ta 4 an halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi, wasu mazhabobin ne suka tafi a kan najasar yawunsa. Sannan kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba tana yi masa gadi to cinta da shanta da jinyarta suna wuyansa. Taimakon marayu kuma ba a ce sai an bar kare da ciwo za a yi shi ba. Hannu dai a wanke da sabulu, wannan ko likitoci za su gaya maka.

Hajiya Mai Kaji (Yawuri): Kuma wanda bai taɓa tashi da safe ya tarar an kwashe masa kaji ɗari a dare ɗaya ba shi ne zai ce kare tsada. Kwikwiyo biyar ɗin sai ka ciyar da su wata nawa kafin su san wa ke gida wa ke baƙo?

Ɗan Kabi: Na janye Malam, a yi haƙuri. Amma turmina dai yana nan yana ciwo in akwai mai taimako 😅

Admin: Ɗan Kabi asibitin haƙori na mutane yana nan a garinku, ka je. Jama'a a bar Dokta ya ƙarasa don Allah.

Dokta (Gusau): To Baban Sadiƙ ga abin da za ka yi daga yau zuwa Litinin. Ka ci gaba da magungunan da aka ba ka yadda aka rubuta har su ƙare, kada ka tsaya don ka ga ya warware, kuma ka tabbata yana cinye abincin da ka sa maganin, gara ka sa a 'yar loma ɗaya ka ga ya haɗiye kafin ka ba shi sauran. Abinci mai laushi kawai na kwana goma zuwa sha huɗu, tuwo da aka dama da romo, shinkafa da ta dahu lugub, dafaffen ƙwai, kifi in ka cire ƙaya. Ba ƙashi, ba ƙafar kaza, ba ganda, kuma ka gaya wa yaran gonar don su ne suke jefa wa kare ƙashi in ba ka nan. Ka ɗauke masa duk abin da yake gwaguya, itace ko igiya ko tsohon takalmi. In da abin wuya kake ɗaure shi ka sassauta kada ya riƙa gugar wurin. Kada ka sa tsinke ko yatsa a ramin, in zai yarda ka ɗan zuba ruwan ɗumi mai tsabta da sirinji marar allura a gefen bakin bayan ya ci, in ba zai yarda ba ka ƙyale shi kada ya cije ka. Kuma ka daina matsa ƙullutun kowane lokaci, sau ɗaya a rana ya isa, ka ɗauki hoto da wani abu a kusa kamar murfin kwalba don ka gane ko yana ƙaruwa.

In kana da ma'aunin zafi na kemis ka shafa masa man baselin ka sa a duburarsa minti ɗaya. Zafin kare daga digiri 38 zuwa 39.2 lafiya ne, ya fi na mutum daman, in ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Maganar a taɓa hanci in ya bushe ba shi da lafiya ba abin dogaro ba ce.

Abin da ba za ka jira Litinin ba kuwa: kumburin ya ninka cikin yini ɗaya ko ya bazu zuwa fuska da wuya, numfashi ya yi wuya ko yana ƙara, ya kasa haɗiyar ruwa, ya ƙi abinci yini guda cur, jini ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi fari, ko ya kwanta ya ƙi tashi. In ka ga ɗaya daga ciki ka nemi kowane likitan dabbobi, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ba nisa.

Maman Ikram (Gusau): Dokta ni tsorona ɗaya, in yana dalalar da yawu fa? Kar a je haukan kare ne ana ta sa hannu a baki, ga yara

Dokta (Gusau): Tambaya mai kyau Hajiya, shi ya sa na tambayi kati tun farko. Kare da aka yi wa aiki a baki zai iya dalala na kwana biyu, wannan ba komai. Haukan kare ba ya zuwa ta cirar haƙori, ta cizon dabba mai shi yake zuwa, kuma alamarsa canjin hali ne, kare mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani ko muƙamuƙinsa ya saki ya kasa rufe baki, muryarsa ta canja. Wannan na biyun shi ne yake yaudarar mutane su ɗauka ƙashi ne ya maƙale su tura hannu. Don haka karen da ba a san tarihin allurarsa ba kada kowa ya buɗe masa baki. Allurar daga wata uku ake fara ta kuma a nan ana maimaitawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana yin ta. In kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Bafulatanin Bunza: Kaskar kunnen fa, mu baƙin mai muke shafawa ko a ɗiga fiya-fiya

Ɗalibin Likitan Dabbobi (Sakkwato): Fiya-fiya guba ce wallahi, tana shiga ta fata kuma kare yana lasar jikinsa, sai ka ga yana rawar jiki yana kumfa. Baƙin mai ma haka yana ƙona fata. Akwai maganin kaska na karnuka a shagon magungunan dabbobi, a tambayi likita wanda ya dace da shekarunsa da nauyinsa, na shanu ba a zuba wa kwikwiyo yadda aka ga dama. Yanzu dai Baban Sadiƙ ya cire su da hannu, ya kama daf da fata ya ja a hankali kada kan ya rage.

Baban Sadiƙ (Birnin Kebbi): Jama'a barkanmu da Litinin, ga yadda aka yi. Likitan ya dawo na kai shi da safe. Ya ce haƙorin ya fito cikakke har ya nuna mini hoton da ya ɗauka ranar, saiwar kam doguwa ce yadda Dokta ya faɗa, na yi mamaki. Ya ɗan yi masa allura ya kwanta ya wanke ramin, ashe tuwo ne ya cushe da wani siririn guntun ƙashin kaza, wurin ya fara yin mugunya kaɗan. Yaron gona ya rantse ba shi ya ba shi ba, wai a bola ya tsinta, oho dai. Bai sake ɗinki ba ya ce zai cike da kansa, ya ƙara kwanakin antibayotik ɗin. Zafin jiki 39.3. Ya ɗebi jini a kunne ya duba a madubin gwaji saboda kaskar ya ce bai ga komai ba amma in na ga kasala ko dasashi ya yi fari in dawo. Ƙullutun ya ce kada in sa ran zai ɓace gobe, yana iya ɗaukar sati biyu ko fiye yana raguwa a hankali, in bayan nan yana nan yadda yake ko ya ƙaru ko wasu sun fito zai sa siririyar allura ya zuƙo ɗan abin ciki a duba. Na gode ƙwarai Dokta, na gode ƙanena ɗalibi Allah ya ba da sa'ar karatu, na gode kowa har da Nura da ya hana ni barci ranar Asabar.

Nura Intanet: Afuwan yaya 🙏

Dokta (Gusau): Alhamdu lillahi. Abin da ya yi daidai ne, ni ma haka zan yi. Ka sa ido kan sabuwar fiƙar, tunda tsohuwar ta daɗe a wurin wani lokaci takan tura sabuwar ciki ta riƙa sukar ganɗa in ya rufe baki, ka ce ya duba in kun koma. Masu 'yan kwikwiyo kuma, haƙoran farko 28 ne na manya 42, famfara tana farawa wajen wata uku zuwa huɗu ta ƙare wajen wata shida zuwa bakwai, a tsakanin nan ku riƙa ɗaga leɓe kuna dubawa, in kun ga fiƙa biyu a wuri ɗaya kada ku jira sai ta tsage.

Baba Maharbi (Anka): To ai ga ta nan, ni dai na ce akwai mugunya kuma an iske mugunya

Isiya Mai Duba Nama (Argungu): Baba a baki aka same ta ba a wuya ba, da an bi taku da yanzu rami biyu ake jinya 😂

Baba Maharbi (Anka): Kai yaro ka kiyaye ni. Likita kai nika tambaya, akwai wani tsohon karena da fiƙa tak karye mai wajen kamun gyado bara, baƙi ta yi amma shina ci lahiya, a bar ta ko a hidda?

Dokta (Gusau): Baba in ta yi baƙi haƙorin ya mutu, kuma kare yana iya ci da ciwo bai nuna ba. Ta sama ce ko ta ƙasa? In ta sama ce ku duba ko yana atishawa ko hancin gefen yana ruwa, don saiwarta daf take da ramin hanci. Ku sa wani yaro ya ɗauko mini hoto da rana, in kuma kuna shigowa Gusau ku zo da shi in gani.

Baba Maharbi (Anka): Ta bisa ta. Hanya dai sai addu'a yanzu, amma bari jikana ya dawo makaranta shi ɗauko hoton